Dala 10,001: Craig Jones da rikicin lada a kokawar jiyu-jitsu

A ranakun 16 da 17 ga watan Agustan 2024, an gudanar da wata sabuwar gasar kokawa a zauren Thomas & Mack da ke birnin Las Vegas na Amurka, wadda aka raɗa wa suna Craig Jones Invitational, ko CJI a taƙaice. A ƙarshen makon nan, kuma a cikin birnin, ana gudanar da gasar ADCC a zauren T-Mobile, gasar da 'yan kokawar jiyu-jitsu suka shafe shekara 26 suna kallo a matsayin ƙololuwar sana'arsu. Da gangan aka haɗa lokutan biyu. A wancan lokacin ADCC tana bai wa wanda ya lashe rukunin nauyinsa a ɓangaren maza dala 10,000. Ita kuwa CJI ta yi alkawarin bai wa duk wanda ya shiga fili dala 10,001, ko da an kayar da shi a karon farko, sannan ta ajiye dala miliyan 1 ga zakaran kowane ɗaya daga cikin rukunanta biyu.

Wannan dala ɗaya da aka ɗora a kai ita ce saƙon. Mutumin da ya shirya gasar, Craig Jones, ɗan ƙasar Ostiraliya, ya san ADCC ciki da waje, domin sau biyu yana kaiwa wasan ƙarshe a cikinta, sau biyu kuma yana komawa gida da azurfa. Tarihin sana'arsa ya zama hanyar fahimtar wata tambaya da ta wuce fagen wasa: idan jikin mutum ne jarin da ake nema da shi, wa ke yanke masa farashi, kuma me ke faruwa ranar da ya ƙi amincewa da farashin?

Kokawar da ake cin ta da miƙa wuya

Jiyu-jitsu ta Burazil ta samo asali ne daga judo ta Japan. Mitsuyo Maeda, wani gwanin judo, ya isa Burazil a 1914, kuma daga abin da ya koyar ne zuriyar Gracie, musamman Carlos da ƙanensa Hélio, suka gina salon da ya fi mayar da hankali ga fafatawa a ƙasa. A wannan kokawa kayar da mutum ba ya ƙare wasa. Ana neman a shaƙe abokin karawa, ko a lanƙwasa masa gaɓa har ya bubbuga hannu alamar ya miƙa wuya. Duniya ta san ta sosai a watan Nuwamban 1993, lokacin da Royce Gracie, wanda bai kai yawancin abokan karawarsa jiki ba, ya lashe gasar UFC ta farko a birnin Denver.

Cikin waɗanda wannan nasara ta burge akwai Sheikh Tahnoun bin Zayed Al Nahyan, ɗan wanda ya kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda a lokacin yake karatu a Amurka. Ya koyi kokawar a hannun wani malami ɗan Burazil mai suna Nelson Monteiro, kuma da ya koma gida ya kafa gasar ADCC a Abu Dabi a 1998. Ana yin ta ne ba tare da rigar kokawa mai kauri ba, ana gayyato gwanayen judo da sambo da kokawar Olimfik da jiyu-jitsu su gwada ƙwanji a ƙarƙashin doka ɗaya. Daga 2003 ta koma sau ɗaya a shekara biyu, tana zagaya ƙasashe. A yau Sheikh Tahnoun shi ne mai bai wa ƙasarsa shawara kan harkokin tsaro, ɗan'uwan shugaban ƙasa ne, kuma yana jagorantar wasu daga cikin manyan asusun zuba jari na Abu Dabi. Jiyu-jitsu kuwa ta shiga manhajar makarantun gwamnati a Abu Dabi tun 2008.

Saboda haka tun ranar farko ADCC gasar mai gida ce. Kyauta ce daga wani basarake mai sha'awar wasan, kuma a 1998 dala 10,000 babban kuɗi ne ga ɗan kokawar da ke kwana a ɗakin atisaye a Rio de Janeiro. Matsalar ita ce adadin ya tsaya cik yayin da komai ya sauya. Tsadar rayuwa a Amurka ta cinye kusan rabin darajar kuɗin. Gasar kuma ta tashi daga taron da aka shirya domin nishaɗin wasu 'yan tsiraru, ta koma babban biki da ake sayar da tikiti ga dubban mutane, ake kuma biyan kuɗi kafin a kalla ta intanet a dandalin FloGrappling.

Ɗaya babbar hukumar, IBJJF, wadda Carlos Gracie ƙarami ya kafa, ba ta fi haka sauƙi ba. Kamfani ne mai zaman kansa, 'yan wasa ba su zaɓi shugabanninsa ba, su ne ma ke biyan kuɗin rajista kafin su shiga gasa. Sai a 2019 ta fara bai wa zakarun duniya masu baƙar ɗamara ladan kuɗi. Abin da aka daɗe ana gaya wa 'yan wasa shi ne lambar yabo za ta buɗe musu ƙofa, su buɗe makaranta, su zagaya ƙasashe suna koyarwa, su sayar da bidiyon darussa. Ga 'yan kaɗan da suka yi fice hakan ya tabbata. Sauran sukan ƙare da gwiwa da kafaɗa da suka lalace, ba inshora, ba fansho.

Na biyu a duniya

An haifi Craig Jones a Adelaide a 1991, kuma ya fara koyon jiyu-jitsu yana matashi a ƙasar da ba ta da wani suna a wannan fanni. Ya koma Melbourne wajen Lachlan Giles, wanda ya ɗaura masa baƙar ɗamara a 2016. Shekara guda kafin nan ya lashe gasar duniya ta IBJJF ta marasa riga a matakin shunayyar ɗamara, amma kaɗan ne suka san sunansa a wajen Ostiraliya.

Gasar ADCC ta 2017 a ƙasar Finlan ce ta fito da shi. A karonsa na farko a rukunin kilo 88 an haɗa shi da Leandro Lo, ɗan Burazil da ake lissafawa cikin manyan gwanayen zamaninsa, wanda daga baya aka harbe shi har lahira a São Paulo a watan Agustan 2022. Jones ya zagaya bayansa ya shaƙe shi. Ya sake cin Murilo Santana da shaƙa, kafin Keenan Cornelius ya tsayar da shi a wasan kusa da na ƙarshe. Bai samu lambar yabo ba a wannan shekara, amma ya bar Finlan da sunan da ya fi na wasu masu zinariya tashe.

Makaminsa mafi haɗari shi ne murɗe diddige, kamun da ke juya ƙafa har jijiyoyin gwiwa su tsinke idan mutum bai miƙa wuya da wuri ba. Tsofaffin malaman Burazil sun daɗe suna raina kamun ƙafa, IBJJF kuma ta haramta wannan nau'i har zuwa 2021, lokacin da ta halatta shi ga manyan 'yan wasa a gasar marasa riga. Jones ya shiga ayarin John Danaher, malamin da ya tashi a New Zealand, ya yi karatun falsafa a Jami'ar Columbia, ya kuma mayar da kamun ƙafa ilimi mai tsari a makarantar Renzo Gracie da ke New York. A can ya yi atisaye tare da Gordon Ryan, wanda ya taɓa doke shi a wasan ƙarshe na gasar EBI a 2017, kuma wanda mafi yawan masu sharhi ke ɗauka a matsayin gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba a kokawar marasa riga.

A ADCC ta 2019 Jones ya kai wasan ƙarshe, Matheus Diniz ya doke shi. A ta 2022 ya hau rukunin kilo 99, ya sake kaiwa ƙarshe, Kaynan Duarte ya doke shi. Ya riƙe kambun gasar Polaris ta Birtaniya, amma zinariyar ADCC ta gagare shi. Wani zai ɓoye wannan tabo, shi kuwa ya mayar da shi tambarin kasuwanci, yana kiran kansa na biyu a duniya. Da ayarin Danaher ya watse a watan Yulin 2021, bayan zaman da suka yi a Puerto Rico, Jones da Nick Rodriguez da Ethan Crelinsten da Nicky Ryan, ƙanen Gordon, suka buɗe tasu makarantar a Austin ta jihar Texas, suka kira ta B-Team, wato 'yan sahu na biyu. Danaher da Gordon Ryan suka kafa New Wave a birni guda.

Barkwancin ya yi masa amfani. Ya tara mabiya a shafukan sada zumunta, ya sayar da darussan bidiyo masu yawa, har ya kai matsayin da abincinsa bai dogara da kowace gasa ba. Wannan ne ya ba shi bakin magana a 2024. Ɗan wasan da ke jiran gayyatar ADCC domin a san shi ba zai iya sukar ta a fili ba.

Malamin zakaru

Aikin koyarwa ya buɗe masa wata taga. Ya zama mai horar da Alexander Volkanovski, zakaran UFC ɗan Ostiraliya, a fannin kokawar ƙasa. A watan Satumban 2021 Brian Ortega ya kama Volkanovski da shaƙa iri biyu a zagaye na uku, kowacce ta isa ta ƙare wasan, amma ya kuɓuce ya ci gaba da riƙe kambunsa. A watan Fabrairun 2023 a Perth, Volkanovski ya hau nauyi ya kara da Islam Makhachev na Dagestan, wanda ake tsoron kokawarsa, ya jure zagaye biyar kafin alƙalai su ba Makhachev nasara. Jones ya yi atisaye da Israel Adesanya, haifaffen Legas, sannan ya yi aiki da Jack Della Maddalena, wanda ya karɓe kambun UFC daga hannun Belal Muhammad a watan Mayun 2025. A watan Nuwamban shekarar Makhachev ya danne Della Maddalena na tsawon zagaye biyar ya ƙwace kambun, abin da ya nuna iyakar abin da malami zai iya cusa wa ɗalibi cikin 'yan watanni idan abokin karawarsa ya tashi cikin kokawa tun yarinta.

Zama a kusurwar 'yan wasan UFC ya nuna wa Jones yadda babban kamfani ke tafiyar da ma'aikatansa. Takardun da suka fito a shari'ar da tsofaffin 'yan wasa suka shigar a 2014 sun nuna cewa rabon da 'yan wasa ke samu daga kuɗin shigar UFC bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, alhali a manyan gasannin ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka, inda 'yan wasa ke da ƙungiyar ƙwadago, rabon yana kaiwa kusan rabi. An sasanta wannan shari'a a kan dala miliyan 375, kotu ta amince a watan Fabrairun 2025. Bambancin da ke tsakanin kashi 20 da kashi 50 ya samo asali ne daga ikon zama a teburin ciniki da murya ɗaya.

Ƙarshen mako biyu a birni ɗaya

Da ADCC ta sanar da cewa za ta koma zauren T-Mobile mai tsada a 2024 ba tare da ƙara ladan zakaru ba, Jones ya fito ya ce ba zai shiga ba. Hujjarsa ita ce idan akwai kuɗin hayar babban zaure da fitilu da kiɗa, akwai kuɗin waɗanda ake zuwa kallo. Mai shirya gasar, Mo Jassim, ya kare kansa da cewa shirya bikin na cin kuɗi mai yawa, kuma martabar ADCC ita ce ke ɗaga darajar ɗan wasa a kasuwa. Ba a daɗe ba Jones ya bayyana a shirin Joe Rogan da tsabar kuɗi dala miliyan 1 a jaka, ya zube su a kan tebur, ya tallata tasa gasar. Ya ce wani attajiri ne da ba ya son a ambaci sunansa ya ba da kuɗin, za a nuna gasar kyauta a YouTube, kuɗin tikiti kuma za su tafi ayyukan agaji.

Sai aka fara ficewa. Kade Ruotolo, wanda ya lashe ADCC ta 2022 yana ɗan shekara 19, ya bar kare kambunsa, tagwayensa Tye ya bi shi. Ffion Davies ta Wales, ita ma zakarar 2022, ta fice. Nick Rodriguez da Nicky Ryan da Victor Hugo da wasu da dama suka bi sahu. Gordon Ryan ya tsaya tare da ADCC, ya yi karawa biyu na musamman ya ci duka, Kaynan Duarte kuma ya lashe zinariya biyu. Sai dai jerin sunayen wasu rukunan ya ragu ƙwarai, kuma kowa ya ga dalili.

CJI ta zo da nata tsarin. An yi kokawar ne a cikin wani rami mai bango a karkace, wanda aka aro daga gasar Karate Combat, domin kada a riƙa tsayar da wasa duk lokacin da aka fita daga katifa. An raba karawa zuwa zagaye-zagaye na minti biyar, alƙalai suna ba da maki irin na dambe, ana bayyana makin bayan kowane zagaye. Kade Ruotolo ya lashe rukunin 'yan ƙasa da kilo 80 bayan ya doke Levi Jones-Leary, Nick Rodriguez kuma ya shaƙe duka abokan karawarsa huɗu a rukunin manya, na ƙarshensu Fellipe Andrew. Kowannensu ya tafi da dala miliyan 1, ninki ɗari na abin da ADCC za ta ba shi. 'Yan wasa 32 ne suka shiga rukunan biyu, wato kuɗin halarta kaɗai ya haura dala 320,000.

Abin da wannan ya tabbatar yana da muhimmanci. An daɗe ana cewa 'yan jiyu-jitsu martaba suke nema, kuɗi bai dame su ba. Ranar da aka ba su zaɓi na gaske, da yawa daga cikin fitattunsu suka zaɓi lada, masu kallo kuma suka bi su. Darajar gasa tana tare da waɗanda ke cikin fili.

Inda gizo ke saƙa

Amma nasarar tana da rauni a tushenta. CJI ba ta biya waɗannan kuɗaɗe daga abin da ta samu ba. Kallo kyauta ne, kuɗin tikiti an sadaukar, miliyoyin kuma daga aljihun mutum ɗaya suka fito. Abin da Jones ya yi shi ne ya kawo sabon mai gida ya kara da tsohon, kuma tsohon aƙalla an san sunansa da muƙaminsa. 'Yan wasa ba su san wanda ke biyansu ba, ba su san abin da yake nema ba, ba su da ta cewa ranar da ya gaji. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Gasar ta biyu, a ƙarshen watan Agustan 2025, ta fito da wannan rauni fili. An sauya tsari zuwa karawar ƙungiyoyi, kuma wasan ƙarshe ya haɗa B-Team da New Wave. Makin alƙalai ya tashi kunnen doki, aka koma ga ƙa'idar raba gardama, aka ba B-Team nasara da dala miliyan 1. 'Yan New Wave suka ce an saɓa wa abin da aka rubuta musu. Ko da hukuncin daidai ne, ƙungiyar da mai gasar ya kafa ce ta ci kuɗin gasarsa, kuma babu wata hukuma mai zaman kanta da za a kai wa ƙara. Da farko an sanar cewa mai ba da kuɗin zai biya New Wave ita ma, daga baya aka janye maganar. Dala miliyan 1 ta bayyana ta kuma ɓace bisa ra'ayin mutumin da ba a san fuskarsa ba.

Batun mata ma bai fita ba. A 2024 ba a ware musu rukuni ba, karawa ɗaya ta musamman aka shirya, inda Ffion Davies ta ci Mackenzie Dern. Abin da ya fi ɗaukar hankali a daren shi ne karawar Jones da Gabi Garcia, macen da ta lashe ADCC sau huɗu, wadda ya ci da shaƙa bayan makonni na tallan da ke cike da barkwancin batsa. Masu suka sun ce an mayar da gwanar da ta fi yawancin mata tarihi abin dariya domin a tara 'yan kallo. A 2025 an shirya wa mata gasa mai ladan dala 100,000, wadda Helena Crevar ta lashe, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ajiye wa ƙungiyoyin maza. Haka kuma CJI ta farko, kamar ADCC, ba ta yi gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ba, kuma idan lada ya kai miliyan, abin da matashi zai yarda ya zuba wa jikinsa domin ya samu shi ma ƙaruwa yake yi.

Babban kamfani ya shigo

Wanda ya fi kowa karanta darasin 2024 shi ne UFC. A watan Yunin 2025 kamfanin ya ƙaddamar da tasa gasar mai suna UFC BJJ, da Mikey Musumeci a matsayin fuskarta, da fili mai bango a karkace da tsarin zagaye-zagaye da suka yi kama da na CJI, ana kuma nuna ta kyauta a YouTube. Bambancin yana cikin takardar kwantiragi. UFC tana ɗaure 'yan wasanta da yarjejeniyar da ke taƙaita inda za su yi wasa, kuma Jones ya soki wannan a fili, yana gargaɗin cewa abin da ya faru da 'yan dambe gauraye zai faru da 'yan jiyu-jitsu.

Gargaɗin yana da tushe. Ƙarfin da 'yan wasa suka samu a 2024 ya zo ne daga 'yancin ficewa: babu takardar da ta ɗaure Kade Ruotolo da ADCC, shi ya sa ya iya tsallaka titi ya karɓi miliyan. Kamfanin da ya ƙulla cinikin watsa wasanninsa da Paramount a kan dala biliyan 7.7 na shekara bakwai zai iya jure asara a jiyu-jitsu tsawon lokacin da babu wani attajiri mai ɓoye suna da zai iya jurewa. Idan ya tattara fitattun 'yan wasa a hannunsa, sauran gasanni za su rasa waɗanda za su gayyata, farashin kuma zai koma hannun mai saye ɗaya. Ga ɗan wasan da ke da iyali, albashi mai tabbas daga UFC ya fi fatan cin miliyan sau ɗaya a shekara, kuma ba za a zarge shi ba idan ya sa hannu.

Jones ya sanar da ajiye gasa a 2025, karawarsa ta ban kwana kuma ya yi ta ne da Chael Sonnen, tsohon ɗan wasan UFC, bayan Gable Steveson, mai zinariyar Olimfik, ya janye. Ya kuma bar jagorancin makarantar Austin ga abokansa. Ya bar fagen da 'yan wasa suka san cewa ana iya biyansu ninki ɗari, suka kuma san cewa gasa mafi tsufa tana iya girgiza idan suka juya mata baya tare. Har yanzu dai ba su da ƙungiyar da za ta yi ciniki da sunansu, ba su da mafi ƙarancin lada da aka amince da shi, ba su da asusun jinya, ba su da inda za su ɗaukaka ƙara idan alƙali ya yi kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a 2024 mutum ɗaya ne da kuɗin mutum ɗaya suka ɗauke ta. Kwantiragin da matasan 'yan kokawa ke sa wa hannu a yanzu, da tsawon shekarun da ke cikinsu, su ne za su nuna ko ficewar da aka yi a Las Vegas za ta iya maimaituwa.